Sadaka mai gudana a jijiya

Cikin watan Afirilu ne, lokacin da sanyin New Haven, garin da Jami'ar Yale take a Amurka, ya fara sassautawa amma bai sake mu gaba ɗaya ba. Na fito daga ɗakin karatu ina sauri in tari bas, sai wani ƙaton saurayi ya sha gabana da fara'a, riƙe da 'yar takarda. Daga ganin kafaɗunsa ka san ɗan ƙwallon Amurka ne, irin wadda ake runguma a ruga da ita. Ya roƙe ni minti goma. Ya ce babu allura, babu ɗibar jini, auduga kawai zan goga a cikin kumatuna, a sa sunana cikin masu niyyar ba da ɓargo idan an samu marar lafiyar da jikinsa ya dace da nawa. A gaban rigarsa an rubuta Mandi, da lamba 17.

Na ba shi haƙuri na wuce. Kalmar ɓargo ce ta razana ni. Mu a gida idan muka ce sanyi ko ciwo ya kai ɓargo, to ya kai inda babu gaba. Wa zai yarda a taɓa masa wannan wuri saboda wanda bai taɓa gani ba? Abin da na faɗa wa kaina ke nan. Amma ina zama a bas na ciro waya na nemi sunan nan, kuma kafin in sauka na san maganar ba ta ƙare tsakanina da ita ba. Duk da haka sai da shekara ta zagayo kafin na koma.

Mandi Schwartz 'yar Kanada ce, daga wani ɗan ƙaramin gari mai suna Wilcox a lardin Saskatchewan, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar alkama mai dogon hunturu. An haife ta a 1988. Gidansu gidan hoki ne, wasan nan da ake yi a kan daskararriyar ƙanƙara da takalma masu kaifi a ƙasa da sanda mai lanƙwasa. Ita ce babba, ƙannenta maza biyu, Rylan da Jaden, duk suka bi sahunta. Ta samu gurbi a Jami'ar Yale, ta shiga ƙungiyar mata, aka ba ta riga mai lamba 17, ta buga wasa 73 a jere ba fashi. A Disambar 2008, tana tsakiyar shekararta ta uku, aka gwada jininta aka samu sankarar jini, nau'in da likitoci ke kira AML, mai saurin cin jiki. Shekararta 20 a lokacin.

Ta koma gida aka yi mata magani, ciwon ya kwanta. A Janairun 2010 ta dawo makaranta da niyyar ɗorawa daga inda ta tsaya. Cikin Afirilu ciwon ya sake tasowa. Daga nan magana ta koma ta dashen ɓargo, wato a kashe nata da ya lalace, a zuba mata ƙwayoyin wani mai lafiya su zauna a ƙashinta su fara yi mata sabon jini. A cikin danginta ba a samu wanda ya dace ba. An duba rajistocin duniya masu miliyoyin sunaye, nan ma babu wanda ya dace sosai, domin asalinta gauraye ne na Jamus da Rasha da Yukiren, haɗin da ba a cika samun irinsa ba. A Satumbar 2010, a birnin Seattle, aka yi mata dashe da jinin cibiyar jarirai biyu. Ya kama, aka yi murna. A Disamba ciwon ya dawo. Ta rasu ranar 3 ga Afirilu, 2011, tana da shekara 23.

Tun a 2009, tana kwance, 'yan wasan Yale suka fara tare mutane a hanya suna roƙon a yi rajista. Tsarin ba su suka ƙirƙiro shi ba. Wani kocin ƙwallon Amurka na Jami'ar Villanova, Andy Talley, shi ya fara tun 1992. Ya lura cewa samarin da ke hannunsa masu lafiya ne, masu ƙuruciya, daga jinsi daban-daban, kuma duk makarantar ta san su, sai ya sa su rajista ya kuma tura su su jawo abokansu. Ɗaya daga cikin 'yan wasansa, Matt Szczur, ya ba da nasa a 2010 ga wata ƙaramar yarinya 'yar Yukiren, ya haƙura da wasu wasanni saboda haka. Da Mandi ta rasu, sai aka sa wa gangamin Yale sunanta, ake yinsa duk shekara cikin bazara. Dubban mutane sun shiga rajista ta wannan hanya, gommai daga cikinsu an kira su sun bayar.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, duk waɗanda suka yi layi saboda Mandi babu ko ɗaya da ya cece ta. An yi neman, ba a samu ba, ta tafi. A tunanina na lokacin, nan ya kamata a naɗe tabarma, kowa ya koma harkarsa da baƙin cikinsa. Ba su naɗe ba. Yaran da suke tare mutane yanzu ba su taɓa ganinta ba, wasunsu suna ƙananan yara lokacin da ta rasu, amma suna tsayawa cikin iska da sunanta a ƙirji suna roƙon minti goma.

Dalilin da ya sa labarinta ya kama ni haka, sai na koma Katsina.

Autanmu mai sikila ne. Inna da Baba duk AS ne, kuma a zamanin aurensu babu wanda ya san da gwaji. Mu biyar ne, shi kaɗai ya fito SS. Tun yana jariri hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura, tsofaffi suna cewa amosani ne, wasu suna cewa iska. Da ya girma, ba abin da yake so a duniya kamar ƙwallo. Likita ya hana shi gudu, Baba ya hana shi fita fili, sai ya samo wa kansa mafita, ya zama gola, tunda gola ba ya gudu. Ya tara kuɗin tara ya sayi safar hannu ta gwanjo wadda ta fi ƙarfin hannunsa, yana cusa tsumma a yatsun don ta zauna. Idan ya dawo da yamma da ƙura har gira, Inna ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ya ce, "Inna, yau uku na kaɗe." Sai ta kau da kai don kada ya ga murmushinta. Da ya shiga kwaleji, shi ne golan ajinsu.

Hunturu ne abokin gabarsa. Da iska ta fara kaɗawa muke shiga fargaba. Za mu dafa ruwa, mu gasa masa gaɓoɓi da tawul, yana cije leɓe don kada mu ji kukansa. Ƙarin jini kuwa ya sha shi ba adadi. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila a gida ya san kalmar nan ta "a nemo jini". Ba a cewa ga shi, sai dai a nemo. Ko akwai a firijin asibiti, sai ka kawo wanda zai mayar da madadinsa. Akwai kuma waɗanda ke zama a bakin ƙofa suna jiran a yi ciniki da su, leda kaza kuɗi kaza, wasunsu kana ganin idonsu ka san su ma jinin suke buƙata.

Daren ƙarshe, leda biyu aka ce. Yaya ya riga ya bayar makonni kaɗan kafin nan, aka ce ba za a sake ɗibar nasa ba. Ni na miƙa hannu, aka ɗora ni a sikeli aka ce ban kai nauyi ba. Yaya ya hau babur yana bin abokansa gida gida cikin dare, yana buga ƙofofi. Inna tana tsaye a barandar asibiti, duk namijin da ya gifta sai ta ce, "Ɗan nan, don Allah, wane irin jini gare ka?" Mace mai kunya, wadda ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa, ga ta tana roƙon baƙi. An samu leda ɗaya gab da asuba. Ta biyun ta iso bayan an rufe masa fuska. Shekararsa 19.

Na yi imani kwanansa ne ya ƙare, kuma babu ledar da za ta ƙara masa daƙiƙa kan abin da Allah ya rubuta. Amma imanin nan bai taɓa goge min hoton Inna a barandar nan ba. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, an raba gumba da waina, an sauke Alƙur'ani. Duk na yi tare da kowa da zuciya ɗaya. Daga baya shekaru suka fara tafiya, sunansa ya fara raguwa a bakin mutane, safar golansa tana cikin akwatin Inna. Sai ga ni a wata ƙasa, wani yaro yana tare ni da sunan yarinyar da ba uwarsu ɗaya ba, ba garinsu ɗaya ba, ya ƙi bari a manta da ita.

A shekarar da na yi ina juya maganar, na yi karatu da tambaya sosai, kuma na gane tsorona rashin sani ne. Ɓargo shi ne masana'antar jini. A cikinsa ƙwayoyin asali suke, waɗanda ke haifar da jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da ƙananan da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Dacewar ɓargo daban take da rukunin jini na A da B da O da muka sani. Ana duba wasu alamomi ne da ake kira HLA, waɗanda jiki ke gane nasa da su. Rabi mutum yake gada daga uwa, rabi daga uba, shi ya sa ɗan'uwa shaƙiƙi yake da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa cif. Kusan bakwai cikin goma na masu buƙatar dashe ba sa samun cikakkiyar dacewa a gidansu, dole sai an nema a waje.

Yadda ake bayarwar ma ba kamar yadda na zata ba ne. Ni a raina fasa ƙashin baya ake yi. Ashe ba a zuwa ko kusa da laka. Kusan tara cikin goma na masu bayarwa yanzu ba a ma shiga da su ɗakin tiyata. Ana yi musu allurar filgrastim kwana biyar, wadda ke sa ƙwayoyin asalin su fito daga ɓargo su shiga jini. Takan sa ciwon kai da ciwon ƙashi kamar na mai mura. Rana ta biyar sai mutum ya kishingiɗa, jini ya fita ta hannu ɗaya ya bi ta na'ura, ta tsince abin da ake so, ta mayar masa da sauran ta ɗaya hannun. Awoyi ne, a tashi a tafi gida. Sauran kaɗan ɗin, musamman idan marar lafiyar yaro ne, ana sa su barci a zuƙo ɓargon da allura daga bayan ƙashin ƙugu. Wurin yakan yi tsami na kwanaki, jiki kuma ya mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni. Mai bayarwa ba ya biyan ko sisi, ba a kuma biyansa.

Akwai abu ɗaya da ya sa na daɗe ina tunani kafin in sa hannu, kuma ina so duk mai karanta wannan ya riƙe shi. Mutum yana da ikon cewa ya fasa a kowane lokaci. Amma kwanaki kafin dashe, likitoci suna kashe ɓargon marar lafiyar da magani mai ƙarfi don a share wa sabon wuri. Wanda ya janye bayan an kai nan, ya bar mutum ba nasa ba na wani. Saboda haka rajistar alkawari ce, kada a yi ta don kunyar wanda ya tare ka.

Wani abin kuma da ya ba ni mamaki, wanda aka yi wa dashe rukunin jininsa yakan koma na wanda ya ba shi. Mu mukan ce jinin wane da wane ya haɗu idan sun shaƙu. A nan haɗuwar ta zahiri ce, mutum biyu da ba a ma yarda su san sunan juna sai bayan aƙalla shekara guda, amma jini iri ɗaya ke gudana a jikinsu.

Afirilun da ya biyo baya na koma da ƙafata, ba wanda ya tare ni. Wata yarinya 'yar ƙungiyar hoki ta zaunar da ni, na cike bayanai, ta ba ni sandunan auduga na goga a cikin kumatu, aka rufe a ambulan. Ko minti goman bai cika ba. A wurin da ake tambayar asali na rubuta Hausa, Najeriya. Da ta gani sai ta ce min irin sunana ne suka fi nema. Na ɗauka daɗin baki ne, sai da na ga alƙaluman. Hukumar da ke riƙe da rajistar Amurka, wadda a da ake kira Be The Match, yanzu NMDP, ta fitar da cewa Bature mai neman wanda ya dace da shi yana da damar kashi 79 cikin 100, baƙar fata kuwa kashi 29. Dalili biyu ne. Mu ba mu da yawa a rajistar, sannan alamomin HLA na mutanen Afirka sun fi na kowace nahiya rarrabuwa, don haka mu ne muka fi buƙatar yawan sunaye, mu ne kuma muka fi ƙarancinsu. Idan yau ɗan Bahaushe ya kwanta da sankarar jini a Landan ko Jidda ko Kano, inda ya fi dacewa a samo masa shi ne cikinmu. Idan ba mu rubuta sunayenmu ba, babu inda za a duba.

Wani ɗan Najeriya ya ɗanɗani wannan da jikinsa, kuma daga Yale ɗin nan. Seun Adebiyi ya gama karatun lauya a 2009, yana atisayen wasan sulu a kan ƙanƙara da burin wakiltar Najeriya a gasar Olamfik ta hunturu, sai aka same shi da sankarar jini. Shekarar da Mandi ke jinya, shi ma yana nasa neman, shi ma bai samu ba. Jinin cibiya aka dasa masa kamar ita. Shi Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, kuma a 2012 ya jagoranci buɗe rajistar masu ba da ɓargo ta farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu. Shekara guda kafin nan, a 2011, asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ya yi dashen farko a ƙasar, ga wani yaro mai sikila, da ɓargon ɗan'uwansa. Ranar da na karanta cewa dashen ɓargo yana iya raba mutum da sikila gaba ɗaya, na daɗe zaune ban motsa ba. Na san yana da haɗari, na san kuɗinsa ya fi ƙarfin gidanmu nesa ba kusa ba. Amma mu huɗu ne 'yan'uwansa. Ɗaya cikin huɗu aka ce. Har yau nakan tambayi kaina ko ni ce.

Maganar jinin cibiya ma ta tsaya min. A gida ungozoma ce ke wanke mabiyiya, a haƙa rami a bayan ɗaki a binne ta da mutunci, kuma ban ga laifin al'adar ba. Sai dai jinin da ya rage a cikin cibiyar cike yake da ƙwayoyin asali, kuma da yake sababbi ne, ba sa buƙatar dacewa mai tsanani kamar na babba. Ana iya tatsarsa bayan an yanke cibiya ba tare da an taɓa uwa ko jariri ba. Wasu iyaye mata biyu da ba su san Mandi ba sun yarda an adana na 'ya'yansu, shi ya ba ta watannin da ta ƙara.

Da na kira Inna na faɗa mata, shiru ta yi, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, ɓargon naki? Wa za ki ba?" Na ce ban san shi ba, Inna, wataƙila ma ba a taɓa kirana ba. Ta ce, "Arne ko Musulmi?" Na ce shi ma ban sani ba. Ta ce in tambayi malamai tukuna. Na riga na tambayi limamin masallacinmu, ya karanto min ayar nan ta Suratul Ma'ida, cewa wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne baki ɗaya, ya ce ayar rai ta ce, ba ta ware na wani ba. Ya ce abin da malamai suka ƙyamata shi ne sayar da jini, kyautarsa kuwa alheri ne matuƙar ba za ta cutar da mai bayarwa ba. Na maimaita wa Inna. Ta sake yin shiru. Sai na ce, Inna, mutumin da ya ba Auta ledar nan ta asuba, kin san shi? Ta ce, "Ban san shi ba. Har gobe ina sa shi a addu'a." Ba ta ƙara cewa komai a kan maganar ba ranar.

Rajistar ɓargo jira ce. Mafi yawan waɗanda suka shiga ba a taɓa kiransu, ni ma har yau ba a kira ni ba. Abin da ke kaina shi ne duk lokacin da na canja lamba ko gida in sanar da su. Ana karɓar sababbi daga shekara 18, an fi son matasa domin dashensu ya fi kamawa, suna kuma yana zama har mutum ya kai 61. Amma zuciyata ba ta iya zaman jira kawai ba, ina son abin da zan yi da hannuna yanzu. Mai sankarar jini, tun kafin a kai ga dashe, da jinin mutane yake rayuwa, domin maganin yana rusa masa nasa. Jajayen ƙwayoyi kwana 42 suke yi a ajiye, ƙwayoyin daskarar da jini kuwa kwana biyar zuwa bakwai. Ba abin da ake tarawa a manta ba ne, kullum sai an samu sabon hannu.

Ba da jinin bai zo min da sauƙi ba. Zuwan farko aka mayar da ni saboda zazzaɓin cizon sauro. Ƙa'idar da na tarar ita ce, wanda ya taso a ƙasar da ake fama da shi sai ya yi shekara uku a jere a waje, idan kuma ya leƙa gida kafin su cika, lissafi ya koma farko. Bayan sun cika, kowace ziyara wata uku ce ta jira. Na faɗi wannan don 'yan'uwa da ke nan kada su ji an wulaƙanta su, kariya ce ga marar lafiyar da jikinsa ba zai iya da zazzaɓin ba. Da shekarun suka cika na koma, aka soki yatsana aka ce jinina bai kai 12.5 da ake nema ga mace ba. Na fito na zauna a mota na yi kuka sosai, domin ji na yi kamar an sake ɗora ni a sikelin nan na Katsina. Maigida ya ce in yi haƙuri, mu gyara abinci mu dawo.

Zuwa na uku aka karɓa. Kasancewata AS bai hana ba, na dai faɗa musu tun farko. Abin da ake ɗiba kusan ledar fiya wata guda ne, daga cikin wajen lita biyar da ke jikin babba, kuma bai fi minti goma yana zuba ba. Na juya kai ina kallon ledar tana cika tana lilo a kan ma'auni. Ja ne mai duhu, da na taɓa ta kuma da ɗumi. Ma'aikaciyar ta ce min masu sikila da ake yi wa ƙari akai-akai jikinsu yakan fara ƙin jinin da bai yi kama da nasu sosai ba, kuma wanda ya fi dacewa da su yawanci daga baƙar fata yake fitowa. Ban iya ba ta amsa ba. A zuciyata na ce, Allah ga wannan, ka kai ladan kabarin Auta. Ko ladan irin wannan yana isa ga mamaci kamar na sadakar abinci da ruwa, na bar wa Mai shi. Niyyata dai na san ta.

A nan kwana 56 ake jira tsakanin bayarwa da bayarwa. Ni ba na kai wannan yawan, jikina ba ya ɗauka, ga azumi ga tafiya gida. Amma sau biyu ba na bari su wuce: cikin hunturu, watan da ya rasu, da cikin Afirilu.

Akwai wasan da ƙungiyar matan Yale ke keɓewa don tunawa da Mandi, inda ake roƙon kowa ya zo da fararen kaya. Ana yinsa a filin Ingalls, wani gini mai lanƙwasasshen rufi da ɗalibai ke kwatantawa da ƙaton kifin teku. Na je sau ɗaya da farin mayafina. Ban san dokokin wasan ba, idona ba ya ma iya bin ɗan baƙin faifan da suke bugawa, sai na koma kallon mai tsaron raga. An lulluɓe ta da sulke, hannunta cikin wata ƙatuwar safa da ta fi ƙarfinta, tana durƙushe tana jira. Duk wanda ta kaɗe sai na ji ina ƙirgawa. Ƙanen Mandi, Jaden, ya zama ƙwararren ɗan wasa, ya koma sa lamba 17 saboda ita, da ita ya ɗaga kofin Stanley, babban kofin wasan hoki, tare da ƙungiyar St. Louis a 2019, daga baya ya koma ƙungiyar Seattle, garin da aka yi wa yayarsa dashe. Ni ba ni da riga mai lamba. Addinina da na Mandi ba ɗaya ba ne, ban taɓa jin muryarta ba, amma ina tuna ta da alheri, domin ta dalilinta na samu abin da zan yi da kewar ƙanena.

A hunturun da ya wuce, ana saura mako guda in je, Inna ta kira ni da kanta, abin da ba ta cika yi ba. Ta tambayi ranar, na faɗa mata. Ta ce ta yi wa Yaya magana, shi da abokansa biyu za su je asibiti ranar su bayar, ba don kowa ba, a ajiye wa duk wanda dare ya kama. Sannan ta ce, "Ke kuma ki dage da hanta da zogale, kada su sake mayar da ke." Na ce zogale tsada gare shi a nan, Inna. Ta ce ta riga ta shanya, ta daka, tana neman mai tahowa.